Ga ƙanena mai son zuwa Kiel karatun ciyawar teku

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce digirinka na biyu a kan wake ka yi shi, ba ka taɓa ganin teku ba, ba ka iya iyo ba, to ko akwai hikima ka nemi gurbin digirin digirgir a nan Jamus kan yadda ciyawar teku ke jure zafi. Lallai ka nema. Iyo ba shi ne abin damuwa ba, akwai masu nutso da ke ɗebo mana ciyawar. Aikinka yawanci a ɗakin gwaje-gwaje ne da gaban kwamfuta.

Ciyawar nan ba gansakuka ba ce. Tsiro ne mai saiwa, yana fure yana 'ya'ya, kakanninsa a tudu suke kafin su koma ruwan gishiri. Da aka fitar da taswirar ƙwayoyin halittar Zostera marina, wato nau'in ciyawar da ke tekunmu na nan, a 2016, an ga ta zubar da ƙwayoyin da ke gina ƙofofin numfashi na ganye, tun da a ƙarƙashin ruwa ba su da amfani. Sauran kuwa, duk abin da ka sani a kan wake zai yi maka aiki.

A bazarar 2003 ruwan tekun Baltic, wanda Kiel ke bakinsa, ya haura digiri 25. Wannan a Kano ruwan randa ne, amma a nan ciyawa mutuwa ta yi ta yi. Daidai lokacin wani masanin ciyawar teku, Thorsten Reusch, da abokan aikinsa sun dasa ta a ƙananan filaye, wani iri ɗaya, wani uku, wani shida. Filayen da aka gauraya iri su suka fi farfaɗowa, kamar dai manomin da ba ya zuba irin gero guda a gonarsa duka. Daga baya, a 2011, aka kwatanta ciyawar Denmark da ta Italiya a cikin tankuna, aka ɗumama ruwan. Lokacin zafin duk biyun sun kunna ƙwayoyin da ke samar da furotin na kariya, waɗanda muke kira HSP, kusan iri ɗaya. Bambancin sai bayan an sauke zafin ya fito: ta Italiya ta koma daidai, ta Denmark kuwa ƙwayoyinta suka ci gaba da rikicewa. A ganina nan ne wurin haƙa. Jure zafi kowa na magana a kai, amma yadda tsiro ke dawowa hayyacinsa bayan wahala, masu bibiyarsa ba su da yawa.

Kada dai ka haddace cewa yawan iri shi ne magani kawai. A Shark Bay da ke yammacin Ostareliya, zafin 2010 zuwa 2011 ya lalata sama da kashi ɗaya cikin uku na ciyawar wurin. A nan ne kuma a 2022 masu bincike na jami'ar Yammacin Ostareliya suka gano cewa wata ciyawar teku mai suna Posidonia australis da ta bazu tsawon kilomita 180 tsiro guda ne, mai shekara wajen 4,500. Kuromosom 40 gare shi maimakon 20, wato ya haɗa gadon iyayensa biyu cikakke, yana rayuwa a wuraren da zafi da gishirinsu suka sha bamban. Idan ka kawo wannan a hirar ɗaukar ɗalibai, za a san ka yi karatu.

Maganar kuɗi: a nan galibi digirin digirgir aiki ne mai albashi da kwantiragi, ko kuma tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu. Kada ka yarda da gurbin da babu ɗaya daga cikin biyun, kada kuma ka ba wani dillali ko sisi. Ana sanar da guraben a shafin GEOMAR, cibiyar binciken teku da ke Kiel, kai da kanka za ka nema.

Kafin nan ka zauna ka koyi manhajojin kwamfuta na R da Linux sosai, domin bayanan RNA (masu nuna ƙwayoyin halittar da ke aiki) na gwaji ɗaya sun fi ƙarfin Excel. A wasiƙarka kuma kada ka ɓoye waken. Ka faɗa musu ka ga yadda zafin dare ke sa furensa zubewa, kana son sanin ko hanyoyin kariyar ɗaya ne. Ka turo mini ita in duba kafin ka aika.

Sanyin Disamba da duhun ƙarfe huɗu na yamma, wannan sai ka zo. Ka gaida su Baba.