Zan iya kaɗa fiyano da kibod ɗin kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim a Jigawa. Yayana ya bar mini tsohuwar laftof mai FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, a ciki, kuma ina sha'awar haɗa kiɗa, amma ba ni da kuɗin fiyano. Shin maɓallan rubutu za su iya yi mini aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Za su yi, kuma yau ɗin nan za ka iya farawa. Buɗe FL Studio, zaɓi sautin fiyano, ka danna Ctrl da T tare. Daga nan layin ƙasa ya zama fararen maɓallan fiyano: Z, X, C, V, B, N, M su ne do, re, mi har zuwa ti. Layin da ya fara da Q yana ba ka sautukan nan dai, amma da murya mafi siranta.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne baƙaƙen maɓallai, wato S, D, G, H, J. Sautuka biyar ne kacal, kuma yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar irin waɗannan suke tafiya. Ɗora yatsu biyu na hagu a kan S da D, uku na dama a kan G, H, J, ka rera waƙar da 'yan mata ke yi a dandali, ka riƙa laluben ta a hankali. Za ka ji kunnenka ya gane hanya tun kafin hannunka ya saba. Ni a wurina wannan ya fi wa mai koyo amfani a kan haddace sunayen sautuka.

Sai dai kibod ɗin rubutu ba ya jin nauyin hannu. Fiyanon MIDI, wato na lantarki da ake jonawa da kwamfuta, yana auna ƙarfin bugu daga 0 zuwa 127, shi kuwa maɓallin rubutu ko ka shafa shi ko ka doka, ƙarfi ɗaya zai bayar. Shi ya sa kiɗan ke fitowa a sandare, kamar makaɗin da ya riƙe kalangu bai matsa tsarkiya ba. Maganinsa, bayan ka naɗi kiɗan, danna F7. A ƙasan allon da zai buɗe akwai 'yan sanduna tsaye, kowane sauti da tasa mai nuna ƙarfin bugunsa. Ɗaga sandar sautin da ya faɗo a kan bugun ganga, ka rage na tsakiya. Aikin haƙuri ne, amma nan ne ran kiɗan yake.

Wani lokaci za ka danne maɓalli uku ko huɗu, ɗaya ya yi gum. Laftof ɗinka lafiyarta ƙalau, haka aka haɗa wayoyin yawancin kibod. Naɗi sautukan biyu-biyu, ko ka zana sauran da linzami.

Idan kuma ka danna sai bayan ɗan lokaci sautin ya fito, danna F10, ka shiga shafin saitin sauti (Audio), ka zaɓi FL Studio ASIO, ka sa bafa (buffer), wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, a 512. Jinkirinsa kusan milisakan 12 ne, kunne ba ya damuwa da shi sosai. In kwamfutar ta jure, sauka zuwa 256. In ka ji tana ƙarar tas-tas, koma inda ka fito. Tsohuwar laftof takan rage gudu idan tana kan batir, don haka gara ka yi naɗi lokacin da ka jona ta a sola ko a shagon caji, ka sa iyafis mai waya, domin na Bluetooth yana ƙara jinkiri.

Ka kuma duba ko FL Studio ɗin naka na gwaji ne. Shi yana barin ka adana aiki, amma ba zai sake buɗe maka shi ba sai ka saya, don haka fitar da kiɗan a MP3 kafin ka rufe. LMMS, wata manhajar haɗa kiɗa, kyauta ce gaba ɗaya, ita ma ana kaɗa ta da maɓallan rubutu.