Sitirot da shakazoba: wanne ya fi jure gargada?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Aikina na shiga daji ne, hanya duk ramuka da duwatsu. Bakanike ya ce na gaban motata sitirot ne, na baya kuma shakazoba, wai sai an yi saitin ƙafa in an canja na gaba. Ashe ba abu ɗaya ba ne? Wanne ya fi jure wahala?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Bakanikenka gaskiya ya faɗa maka.

Shakazoba ba ta ɗaukar nauyin mota, wannan aikin sifirin ne. Ita nata kawai ta hana sifirin yin ta tsalle bayan taya ta faɗa rami. Mai ne a cikinta, ana matsa shi ta ƙananan kafofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Na taɓa kai hannu jikin wata bayan doguwar tafiya a kan gargada, ban san lokacin da na janye ba, kamar tukunyar da aka sauke yanzu. In zafin ya yi yawa man sai ya yi kumfa, motar ta fara rawa. Shi ya sa ake sa wa motocin daji shakazoba masu kauri, wasu har da ƙaramin tankin mai a gefe.

Sitirot kuwa ƙafa ce sukutum. Shakazoba na cikinsa, sifirin na kewaye da shi, samansa a ɗaure da jikin mota, ƙasansa riƙe da taya, yana juyawa tare da sitiyari. Injiniyan Amurka Earle MacPherson ne ya tsara shi a shekarun 1940, kuma ana son sa don ba ya cin wuri kuma ba nauyi. Shi ne a gaban motoci irin su Toyota RAV4 da Subaru Forester.

To a daji nan ne matsalar take. Dutse ya bugi taya ta gefe, sitirot ne zai sha. Na ga wanda ya ɗan lanƙwashe, da ido ba ka gane komai, amma tayar ta karkata ciki, gefe ɗaya ya cinye tas, ɗayan kamar sabo. Dalilin saitin ke nan. Land Cruiser 70 da Jeep Wrangler kuwa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, sifirin daban, shakazoba daban. Ƙafar tana samun sararin hawa da sauka, kuma ko shakazoba ta fashe, a hankali za ka lallaɓa ka fita.

Ni dai don dutse da kaya masu nauyi, wannan tsarin na biyu na fi amincewa da shi. Amma ba cewa na yi ka sayar da motarka ba. Ka canja na gaban biyu tare, kada ka yarda da ɗaya, a yi saitin nan take, kuma duk dawowa daga daji ka leƙa ko mai na tsattsafowa a jikinsu.