Aiki ya tsaya, shugabanni uku: saƙo ɗaya zan tura ko kowa da nasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da aikin rijiyoyin burtsatse masu sola guda shida a wata ƙungiya mai zaman kanta. Famfunanmu sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, ga damina ta yanke hanyar ƙauyuka biyu. Za mu makara da mako huɗu. Shugabannina uku ne: ogana, wanda dattijo ne mai saurin fushi, shugabar sashen kuɗi, wadda ba ta yarda da magana sai ta ga lissafi, sai darakta Ba'amurke da ke Abuja. Imel ɗaya zan rubuta in saka su duka, ko kowa da nasa?
Wata ma'aikaciya daga Katsina

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kowa da nasa. Amma kafin ki taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ki rubuta abu huɗu: me ya faru, sabuwar ranar gamawa, nawa tsaikon zai ci, da abin da kike so a yi miki. Waɗannan huɗun ba sa canzawa ko wa kike rubuta wa. Idan kika ce wa oga mako uku don ki sanyaya masa rai, kika ce wa darakta huɗu, ranar taro tebur ɗaya za su zauna, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da za ki riƙa juyawa shi ne wanne zai zo farko, da yawan bayanin da zai biyo baya.

Ki fara da oga, kuma ba da imel ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ki shiga ofishinsa, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki faɗa masa baki da baki. Irin wannan dattijon zai iya haɗiye makara. Abin da ba zai yafe ba shi ne darakta ya kira shi yana tambayar matsalar da bai ma san da ita ba. Ki bar shi ya yi faɗansa, kada ki tari numfashinsa. Idan ya huce, ki tambaye shi: "Yallaɓai, ni zan sanar da darakta ko kai za ka sanar?" Da wannan tambayar kin mayar masa da girmansa, kuma sau da yawa shi zai ce ki rubuta. Bayan kin fito sai ki tura gajeren saƙo: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka tattauna ɗazu, aikin zai ƙara mako huɗu saboda dalilai biyu. Ga abin da muka amince a yi." Wannan shi ne shaidarki nan gaba, don magana a iska take tafiya.

Hajiya ta sashen kuɗi kuwa, labarin hanya da taɓo bai dame ta ba. Tambayarta ɗaya ce: wane layi na kasafi zai motsa, kuma da nawa? Kwantenar da ta wuce kwanakin da aka ba ta kyauta a tasha, kullum kuɗin jinkiri take tarawa. Ɗan kwangilar da injinsa ke zaune zai nemi ƙari. Farashin da mai kaya ya bayar ma yana da wa'adi. Duk wanda ya riƙe kuɗin ofis a 2023 ya sha wannan darasi: an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, har ta haura 1,500 a 2024. Shi ya sa take jin "mako huɗu" da kunnen kuɗi. Ki jera mata adadin a ɗan jadawali, ki liƙa takardun wakilin da ke fito muku da kaya daga kwastam. Ki kuma raba abin da ya tabbata da abin da ƙiyasi ne kawai. Akanta tana yafe ƙiyasin da aka kira shi ƙiyasi tun farko.

Darakta ne za ki fi shan wahalar rubuta wa, don sai kin danne tarbiyyarki. Mu mun saba a yi ta gaisuwa, a kewaya, a shafa wa mummunan labari mai kafin a miƙa shi. Shi kuwa daga ƙasar da sojojinta suke da ƙa'idar sa muhimmiyar magana a layin farko ya fito, kuma haka ofisoshinsu suka saba. A waya zai karanta, wataƙila tsakanin taro da taro. Gaisuwa layi ɗaya, sai magana: rijiyoyi shida za su makara da mako huɗu, sabuwar rana kaza, ina buƙatar amincewarka kafin ranar kaza. Ki ba shi zaɓi biyu, misali a fara haƙa huɗun da mota ke iya kaiwa, ko a jira kaya a yi duka tare, ki faɗi wanda kika fi so da dalilinki. Jimla ɗaya ta isa ki bayyana masa abin da ruwan Agusta ke yi wa hanyar burji. Ki rubuta sunan wata da haruffa, don Amurkawa wata suke sawa gaba: 3/9 a wurinki uku ga Satumba ne, a wurinsa tara ga Maris. Kuma babu laifi ki ce in sha Allah, amma ki haɗa shi da rana, don wasu baƙin sun ɗauka kalmar kaucewa ce.

A duka ukun, kada ki kama sunan abokin aiki a matsayin mai laifi, kuma kada ki mayar da layin CC, wato inda ake saka wasu don su ga kwafin imel, bulala. Idan akwai naki sakacin, misali kin makara wajen tura takardun fito, ki faɗa a jimla ɗaya ki wuce. Sannan ki rufe kowane saƙo da ranar da za su sake ji daga gare ki. Ranar nan idan ta zo ki rubuta, ko da labarin shi ne kwantena tana nan Apapa ba ta motsa ba.