Ina da shaidar JCHEW, amma shekara huɗu ina aikin sa kai: wa ya kamata ya biya ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Na gama karatun JCHEW, wato ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, a 2020, na ci jarrabawar ƙasa, na karɓi lasisina. Tun lokacin nake aikin sa kai a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu. Ni ke yin awon ciki ranar Talata, ni ke rigakafi ranar Alhamis, haihuwar dare kuma ƙofata ake bugawa. Ba ni da albashi, sai alawus idan an fito rabon maganin zazzaɓin damina ko ɗigon shan inna. Na je sakatariyar ƙaramar hukuma an ce ɗaukar ma'aikata ya koma jiha, na je jiha an ce in jira. Shin takardar tawa ce ba ta da ƙarfi? Kuma ƙanwata na son shiga wata makarantar kuɗi ta yi irin karatuna, in bar ta ko in hana ta?
Mai karatunki a kullum, daga wani ƙauye.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, domin ni ma da awon ciki da rigakafi na fara, kafin in yi ritaya ina jami'ar lafiyar al'umma.

Takardarki lafiyarta ƙalau. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne, mai ba da shaida daban, mai biyan albashi daban, kuma ba sa zama a ofis ɗaya. Shaidar ta tarayya ce. Hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta ƙasa, CHPRBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 61 ta 1992, ita ke tantance makarantu, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisi. Karatun JCHEW shekara biyu, na CHEW, wato matakin da ke gaba da shi, shekara uku, wanda ya ƙaro karatu a makarantun da ke asibitocin koyarwa ya fito CHO, wato jami'in lafiyar al'umma. Lasisin da ke hannunki zai yi aiki a Sakkwato kamar yadda zai yi a Kalaba. Amma hukumar nan ba ta ɗaukar kowa aiki a asibitin ƙauye, ba ta biyan ko sisi. Ta ce kin cancanta, shi ke nan ta gama nata.

Biya kuwa, a nan gizo ke saƙar. A zamaninmu, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi. Ina tuna ƙarshen wata, mu hau bayan a-kori-kura mu tafi sakatariya, kashiya ya baje kuɗi a tebur, ka sa hannu a bauca ya ƙirga maka. Daga ciki nake cire kuɗin kananzir na firjin rigakafi, don idan lagwani ya mutu da dare, allurar ƙyanda ta yara ta tashi aiki. Kuɗin ba yawa, amma kin san ƙofar da za ki buga idan ya makara.

Daga baya abin ya dagule: ma'aikatar lafiya na da hannu, ma'aikatar ƙananan hukumomi na da hannu, hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi na da hannu. Shi ya sa a 2011 majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a tattara komai ƙarƙashin inuwa ɗaya, kowace jiha ta kafa hukumarta ta lafiya matakin farko, ɗaukar ma'aikata da canjin wuri da ƙarin girma su koma can. To wanda ya ce miki abin ya koma jiha bai yi miki ƙarya ba. Sai dai jihohi ba su tafi tare ba. Wata ta kwashe ma'aikatan da albashinsu gaba ɗaya, wata ta ɗauki ikon ta bar biyan a asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumomi. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake taso da maganar wa zai riƙe albashin. Tsakanin ofisoshin nan kike ta safa da marwa.

Za ki ji ana cewa ai akwai kuɗin tarayya. Akwai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun samar da kiwon lafiya na tushe, BHCPF, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. A rabon da dokar ta yi, kashi 50 na inshorar lafiya ne, kashi 5 na gaggawa, kashi 45 ya bi ta hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA. A cikin 45 ɗin nan, 20 na magani da allurai ne, 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, 10 kacal na bunƙasa ma'aikata. Kin ga ba asusun albashi ba ne. Zai iya gyara rufin ɗakin haihuwa, ya saya miki safar hannu, amma ba zai sa sunanki a jadawalin albashi da fansho ba. Wannan sai jiha ta sa a kasafinta, gwamna ya ba da izinin ɗauka.

Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi. Jihar da ta bar makarantu suna yaye ɗaruruwan yara duk shekara, alhali ta san asibitocinta da masu sa kai suke tsaye, tana cin gumin 'ya'yan mutane ne. Manufar raba ayyuka ta 2014 ta ƙara wa ma'aikacin CHEW da aka horar nauyi, har da karɓar haihuwa da sanya ashanar tazarar haihuwa, saboda ƙarancin likitoci da ungozomomi a karkara. An ƙara kaya, ba a ƙara jaki ba. Habasha da ta fara nata shirin a 2003, horon shekara ɗaya ta ba 'yan mata, ta tura biyu-biyu kowace gunduma, amma ta sa su a albashin gwamnati tun farko. Mu namu sun fi su daɗewa a aji, sun fi su daɗewa a layin jira.

Kada kuma ki haɗa kanki da 'yan CHIPS, shirin gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a garin Lafiya na Jihar Nasarawa cikin Fabrairun 2018. Su mutanen gari ne da ake ba gajeren horo su bi gida-gida, ihisani ake ba su. Aikinsu na da amfani, amma ke mai lasisi ce. Idan aka ce ki shiga cikinsu don ki riƙa samun ɗan wani abu, ki karɓa in kina so, amma kada ki yarda a ce an sallame ki ke nan.

Yanzu abin da za ki yi. Gobe ki sami incajin asibitinku ya rubuta miki takarda mai hatimi, da ranar da kika fara, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya sa hannu a ƙasa. Na taɓa zama a kwamitin tantancewa, wata yarinya ta zo ta ce shekara shida tana sa kai, muka ce ina shaida, ta buɗe jaka babu komai sai hotonta da farin kaya. A rajistar zuwa aiki ma ba ta taɓa sa hannu ba, wai an ce ta ma'aikata ce kawai. Wadda ta shigo bayanta shekara biyu ta yi, amma ta zo da takarda da kwafin shafukan rajistar awon ciki da rubutun hannunta a kai. Ita aka ɗauka. Har yau abin na ci mini rai.

Ki sabunta lasisinki a kan lokaci ko da bashi ne, don shi ake fara dubawa. Ki kai kukanki ga kwamitin raya mazaɓa da mai gari, su rubuta wa hukumar jiha cewa ke suke so. Takardar jama'a ta fi taki nauyi. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki ofa, wato takardar ɗaukar aiki, ki riƙe kuɗinki. In da hali ki koma ki ɗaga zuwa CHEW. Kuma duk matsin da za ki shiga, kada ki wuce abin da littafinmu na ƙa'idojin aiki, Sitandin Oda, ya yarje miki, musamman a gida, inda ake zuwa da dare a ce ki taimaka ki ɗaura ruwa.

Ƙanwarki kuwa, ba zan ce ki hana ta ba. Amma kafin ku biya ko kobo, ku tabbatar sunan makarantar na cikin waɗanda CHPRBN ta amince da su, kuma ga wannan kwas ɗin takamaimai. Hukumar na ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗalibai, wasu kuma su kan ɗiba fiye da ƙima. Ɗalibin da bai sami lambar rajistar hukumar ba, wadda yara ke kira indesin, ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba ko da shi ke zuwa na ɗaya a aji. Ki je da kanki, ki tsaya a bakin get, ki tambayi 'yan ajin ƙarshe su nawa ne a aji, su nawa kuma suka sami lambar.