Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ke Gadon Annabi a Littattafan Bani Isra'ila?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, daga wani ƙauye nake rubutowa a yankin Sumaila. Alaramman tsangayarmu ya rasu, ana ta ja-in-ja tsakanin babban ɗansa da babban almajirinsa kan wa zai riƙe makaranta, sai wani maƙwabcinmu Kirista yace wai a Tsohon Alkawari ma ba 'ya'ya ke gadon annabawa ba. Dan Allah haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Alaramma. Maƙwabcinku yana da gaskiya, amma abin da zan faɗa maka yadda littattafansu suka kawo ne.

Annabi Musa yana da 'ya'ya biyu maza, Gershom da Eliyezer, ba wanda ya gaje shi a cikinsu. Yusha'u ɗan Nun ne, hadiminsa da ya daɗe yana bin sa, Allah yace Musa ya ɗora masa hannu a gaban jama'a da Ele'azara babban limami, yana nan a Littafin Ƙidaya sura ta 27. Musa ya rasu yana da shekara 120, Yusha'u ne ya haye Kogin Urdun da mutane. Shi kuwa limancin hadaya gado ne na jini, tufafin Haruna aka cire aka sa wa ɗansa Ele'azara a kan dutsen Hor.

Wanda yafi taɓa min zuciya labarin Iliya da Elisha ne, wato Ilyasu da Alyasa'u. A gona Iliya ya sami Elisha fa yana huɗa da shanu, garma 12 a jere shi yana kan ta ƙarshe, Iliya ya yafa masa alkyabbarsa kawai ya wuce, Elisha kuma ya yanka shanun garmarsa ya dafa naman da itacen garmar ya raba wa mutane ya bi shi, kai da kake noma ka san me ake nufi da mutum ya ƙona garmarsa. Ranar rabuwa Elisha ya roƙi kaso biyu na ruhun malaminsa, irin rabon ɗan fari a dokarsu, Iliya yace abu mai wuya ka roƙa, sai in ka ga lokacin da aka ɗauke ni. Kaga ko shi bai da ikon bayarwa da kansa.

Annabi Sama'ila, wato Samuel ba Isma'ila ɗan Ibrahim ba, ya gwada naɗa 'ya'yansa Yowel da Abiya alƙalai a Biyasheba, suka shiga cin hanci, dalilin da dattawa suka ce a naɗa musu sarki kenan. Amma hadimi ma yana faɗuwa, Gehazi yaron Elisha kwaɗayin kyautar Na'aman, wani shugaban sojoji da Elisha ya warkar daga kuturta, ya ja masa kuturta.

Tsangaya ba annabta bace, kada a kai wannan gaban dagaci a matsayin hujja. Gida da gona na magada ne, makaranta kuma ku tara alarammomin yankinku da iyayen yara su zauna da mutanen biyu, a tambayi wanda marigayi yake bar wa darasu in ya yi tafiya.