Amsa ga ɗan'uwan da shago ya ƙi karɓar laftof ɗinsa bayan sati uku

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba da haƙuri. Wallahi ina karanta tambayarka raina yana ɓaci, don na san irin zafin nan. Ka ce ka sayi laftof a babban shago a matsayin sabuwa fil, yau sati uku ke nan, batir ba ya riƙe minti 40, kuma in ta ɗau zafi sai ta ɗauke da kanta. Ka mayar, sun ce kwanakin canji sun wuce, ka nemi kamfanin da ya ƙera ta. Ka duba shafin kamfanin, ka tarar garantin ya fara ƙirga tun wata 14 da suka wuce, har ya ƙare. Kana tambaya me za ka yi, kuma ko nan gaba gara ƙaramin shago.

Kafin komai, don Allah kada ka bari wani mai gyara ya kwance ta, ko da sukuru ɗaya ne. Na san hankalinka ya tashi kuma aiki yana jiranka, amma da zarar an buɗe bayanta ka miƙa musu hujjar da suke nema. Za su ce an taɓa, magana ta ƙare.

Ita kanta na'urar tana ɗauke da shaidarka, sai dai ka fitar. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto ya nuna inda ya sa shi. Layi biyu za ka nema, Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko shi ne abin da batirin yake ɗauka ranar da aka ƙera shi, na biyu abin da yake iya ɗauka yanzu. A sabon batir lambobin biyu kusan kai ɗaya suke. In na biyun ya sauko ƙasa da kashi 80 cikin 100 na na farko, wannan batir ya sha aiki, ko kuma ya daɗe a ajiye babu caji har ya lalace. Ƙarƙashinsu akwai Cycle Count, wato sau nawa ya cika ya ƙare. Wasu na'urori ba sa nuna shi, amma in taka ta nuna 150 ko 200, babu yadda za a yi kai ka yi wannan a sati uku.

Sai ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. Duba Power On Hours, wato awannin da SSD, ma'ajiyar fayilolin na'urar, ta yi a kunne. Kwana 21 sau awa 24 ya ba ka awa 504. Ko da a ce tun ranar da ka saya ba ka kashe ta ba dare da rana, ba za ka wuce nan ba, sai 'yan awannin gwajin masana'anta. In ka ga 1,500 ko 3,000, to wani ya riga ka more ta. Ɗauki hoton sikirin ɗin da kwanan wata a jiki. Daga nan ka gwada lambar siriyal a wuri uku: jikin kwali, ƙasan na'urar, da cikin BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Don shiga BIOS, a Dell F2 ake dannawa lokacin tashi, a HP F10, a ThinkPad F1. In ta BIOS ta saɓa da ta ƙasan, ko an canza madabod, wato babban allon da ke cikin na'urar, ko an canza murfi. In ta kwali ce ta saɓa, an sa maka ita ne a kwalin wata.

Zan yi musu adalci a abu ɗaya. Wani lokaci kamfani yana fara ƙirga garanti daga ranar da kaya suka bar hannunsa zuwa dillali, sai na'urar ta yi watanni a sito ba a buɗe ta ba. In haka ne, manyan kamfanonin suna gyara kwanan watan idan ka tura musu rasit mai ɗauke da ranar saye da lambar siriyal. Awannin SSD ɗin nan su za su raba gardama. In kaɗan ne, mai yiwuwa tsohon ajiya ce, ka tura rasit a gyara maka garanti. In da yawa ne, ta hannu aka sayar maka da sunan sabuwa, kuma wannan ba maganar garanti ba ce ko ta kwanakin canji, maganar an ba ka abin da ba shi ka biya ba ce.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake karɓar mutum ranar da ya dawo. Ranar saye har bakin ƙofa ake tarbarka, a ba ka kujera, a yi ta kiranka ranka ya daɗe, a ce ai ko ƙwarzane ka gani ka dawo da ita. Ranar komawa wanda ya sayar maka ba ya nan, ko yana nan ya ɗauke kai yana fama da sabon mai saye. A tura ka wani teburi can ƙurya. Wanda ke wurin ba zai ma kunna ta ba. Zai kifa ta, ya karkata ta wajen haske, ya bi gefe-gefe da yatsa yana neman inda ta bugu, ya leƙa ramin caji ko zai ga alamar ruwa. Kana yi masa bayanin batir, shi yana neman abin da zai ɗora maka. In bai samu ba sai ya ce wace caja kake sa mata, ko ka sa mata wata manhaja, ko a kan katifa kake ɗora ta. Kai da ka zo da ƙorafi sai ka koma kana kare kanka kamar wanda aka kama da kayan sata, mutane suna wucewa suna kallonka. Daga ƙarshe a ce manaja ya fita, ka dawo jibi. Jibi a ce ka dawo mako mai zuwa. Ana sane ake yi, jira suke ka gaji. Mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni, wani ma rance ya ci don karatu ko sana'a, a tsayar da shi a ƙurya kamar mai bara. Wannan wulaƙancin ya fi asarar kuɗin ciwo, kuma duk wanda ya ce maka ka manta kawai bai taɓa tsayuwa a gaban teburin nan ba.

To in za ka koma, kada ka koma da baki kawai. Buga hotunan nan a takarda: rahoton batir, awannin SSD, shafin garanti, da kwafin rasit. Asalin rasit ya zauna a aljihunka, kada ka ba kowa. Rubuta gajeriyar wasiƙa, ranar saye, abin da aka ce maka, abin da ka gano, da abin da kake so, ko kuɗinka ko sabuwa wadda za a buɗe a gabanka, ka sa wa'adin kwana 7. Kwafi biyu, su sa hannu da hatimi a ɗaya ka riƙe. In sun ƙi, tura ta imel ga hedikwatarsu. Kada ka ɗaga murya, duk da na san da wuya, don ihu yana ba su damar mayar da zancen kan halinka. In da kati ka biya, tambayi bankinka ko akwai hanyar ƙalubalantar cinikin, kuma ka yi da wuri don yana da wa'adi. In ƙasarka tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, takardun nan su za ka kai.

In suka ce ka bar ta a duba, sai sun ba ka takardar karɓa. A rubuta siriyal, girman RAM, girman SSD, ƙarfin caja, da cewa jikinta da sikirin babu tsaga. Ana kai na'ura da RAM 16GB ta dawo da 8GB, mai ita bai lura ba sai bayan wata biyu. Ɗauki hotonta ta kowane ɓangare a kan teburinsu.

Mutuwar da take yi in ta yi zafi, yawanci fanka ce ta toshe da ƙura, ko man da ke tsakanin furosesa da bututun sanyaya ya bushe. Dukansu ciwon tsohuwar na'ura ne. Haska fitilar waya cikin ramukan iska, in ka ga ƙura ta yi kamar auduga, ɗauki hoto. Dubi kan sukurorin ƙasa ma, wanda aka taɓa kwancewa baƙin fentinsa yana goguwa, ƙarfen ya fito fari.

Af, ka duba cajar. Wannan wuri ne da ake yawan cutar mutane ba su sani ba. A cire ta asali mai wat 65 a sa mai 45 ko jabu. Cajar Dell mai zagayen baki tana da siririyar allura a tsakiya wadda ke gaya wa na'urar ƙarfinta. In jabu ce ko allurar ta karye, BIOS zai nuna bai gane cajar ba, batir ya ƙi cika, na'urar kuma ta rage gudu. Mutum ya yi ta zagin kwamfuta alhali caja ce.

Batun babban shago ko ƙarami, ni a ganina ba girman ne abin dubawa ba. Akwai babba mai tsarin mayar da kaya a rubuce wanda ake bi, akwai ƙarami wanda mai shi yake tsoron sunansa ya ɓaci ya canza maka nan take, akwai kuma marasa kunya a kowane ɓangare. Tambaya uku nake so ka yi kafin ka ciro kuɗi. In ta lalace cikin sati biyu, ku za ku canza ko kamfani za ku tura ni? Garantin nan na kamfani ne ko naku, kuma yana aiki a ƙasar nan? Don akwai na'urorin da aka shigo da su daga wata kasuwa, garantinsu can ya tsaya. Sannan za ku rubuta min wannan a rasit? Wanda ya fara kame-kame a ta ukun, ka tafi abinka, ko nawa ya rage maka. Araha ba ta ado. Wanda ya ɗan fi tsada amma ya yarda ya rubuta siriyal da sharaɗin canji, shi ne ya fi sauƙi in an yi lissafi har ƙarshen shekara.

Kuma ku daina yarda da zancen furosesa i7 haka kawai, wannan abin yana damuna ƙwarai. Lambar da ke bayan i7 ɗin ita ce magana. i7-7500U ƙwaƙwalwa 2 gare ta, i5-8250U tana da 4 kuma ta fi ta aiki. Sai a nuna wa mutum sitikar i7 a karɓe masa kuɗi da yawa a kan tsohon abu. Ga kuma Windows 11, wadda a hukumance take buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko a laftof Ryzen 3000 zuwa sama, alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Duk wanda ya sayar maka da ƙarni na 6 ko na 7 bai faɗa maka wannan ba ya ɓoye maka abu mai muhimmanci. Haka in an ce ma'ajiyarta 64GB ce ko 128GB, tambaya SSD ce ko eMMC, don eMMC a manne take da madabod, ga nauyin jiki, ba ta canzuwa. Amma in ka sayi 512GB ka ga Windows ta nuna 476GB, wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne, kada ka ɓata hujjarka da shi.

Nan gaba kada ka fita daga shagon sai ka yi minti 30 da ita a kunne. A buɗe kwalin a gabanka, ka dubi salatif ɗin ko an manna wani a kan wani. Shigar da siriyal a shafin kamfanin da wayarka tun kana tsaye. Buɗe farin shafi da baƙin shafi su cika sikirin ka nemi ɗigon da ya mutu, don kamfanoni da yawa ba sa canza sikirin saboda ɗigo ɗaya ko biyu, a nan ne kawai kake da ikon cewa ba ka so. Danna kowane maɓalli, soka fulash a kowane rami, gwada kyamara da sifika da Wi-Fi. Dell tana da gwajin kanta in ka danna F12 lokacin tashi, HP kuma F2. Tabbatar BIOS ba shi da kalmar sirri, kuma wajen saita Windows ba ta nemi ka shiga da asusun wani kamfani ko makaranta ba. A Task Manager duba RAM ko akwai ramin ƙari ko a manne take. A Command Prompt rubuta slmgr /xpr ka ga lasisin Windows na dindindin ne ko mai ƙarewa, don wanda aka kunna ta hanyar lasisin ma'aikatu kwana 180 yake yi ya nemi sabuntawa.

Ƙarin garantin da suke tallatawa a wajen biyan kuɗi kuwa, karanta abin da bai ƙunsa ba tukuna. Galibi babu faɗuwa, babu ruwa, batir kuma ana lissafa shi cikin kayan da ke ƙarewa, shekara ɗaya ake ba shi ko da sauran jikin yana da uku.

Yau da daddare ka kwashe duk fayilolinka zuwa wani wuri, ka fita daga asusunka na burauza, ka shiga asusunka na Microsoft ka kwafe mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa fayilolinka, ka ajiye, don in sun canza madabod za ta neme shi, in babu shi kuma aikinka ya tafi. Sannan ka turo mana hoton rahoton batirin da na awannin SSD, ka rufe siriyal ɗin da yatsa, mu duba tare kafin ka koma wurinsu.