Mun ce Baba ya huta, yanzu tashi ma na ba shi wuya

Tambaya: Likita, mahaifinmu shekararsa 68, yana nan Tawa. Da ya bar noma muka ce ya zauna ya huta, komai mu za mu yi masa. Yanzu ba ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, abincinsa kuma bai wuce fura da shayi ba. Tsufa ne, ko mu ne muka yi kuskure?

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya saka muku da alheri, amma hutun nan ya yi yawa. Tsoka in ba a more ta ba zubewa take yi, a jikin dattijo kuwa abin ya fi sauri. Cinya ce ke fara gazawa, daga nan sai faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ita ce abin da na fi tsoro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Baba ya fara da tattaki na minti goma bayan sallar asuba, kafin ranar ƙasarku ta Adar ta buɗe. Ku daina ɗaukarsa a babur zuwa masallaci. Ku mayar masa da ba tumaki harawa da ban-ruwan shuka. Dattijon da aka ƙwace wa aiki, zuciyarsa ma sanyi take yi. A gida ya zauna kan kujera ya miƙe sau goma, ya kuma tsaya da ƙafa ɗaya yana riƙe da bango, kwana uku a mako.

Fura da nono abinci ne mai kyau, sai dai ita kaɗai ba ta gina tsoka. A haɗa masa da wake, ƙwai, kifi ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ku duba haƙoransa: tsofaffi da yawa sun bar nama ne don tauna ta gagara, kunya ta hana su faɗa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da na dunƙulen miya. A rage sukarin shayi. Ruwa kuma a riƙa miƙa masa, don tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, ko a zafin Afrilu.

Kafin ya fara, ku kai shi asibiti a auna hawan jini da suga. In yana rama, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na sarƙewa in ya yi tafiya, wannan sai likita ya gan shi tukuna.